Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Neman Abinci da Naman Gashi a Jimeta da Yola

Duk wanda ya taɓa wuni a mota daga Kano, ya ratsa Gombe, ya haye gadar Numan, ya wuce Ngurore, ya sauka a tashar Jambutu rana ta yi ja, ya san irin yunwar da nake nufi. Yunwa ce mai sa gaggawa, gaggawar kuma ita ke kayar da baƙo. Ko dai ya faɗa rumfar farko da idonsa ya sauka a kai, ko ya ce wa mai Keke ya kai shi “wuri mai kyau”, a sauke shi a gidan da ya fi kowanne ƙyallin fitila, ya biya kuɗin mutum uku a kan shinkafar da aka sauke tun hantsi. Ya koma garinsu yana ba da labari wai mutanen Yola ba su iya girki ba. Alhali garin nan yana zaune a bakin kogin Binuwai, shanu sun kewaye shi ta kowace kusurwa. Abin daɗi bai yi masa ƙaranci ba.

Ba zan jero maka sunayen gidajen abinci ba, kuma da gangan na ƙi. Gidan abinci hannu ne. Ranar da mai girkin ta buɗe nata shagon, ko yaron da ke juya nama a tukuba ya tara jari ya koma wata kwanar, daɗin ya bi su, allon kuwa yana nan a rataye yana ta kiran mutane. Abin da zai yi maka amfani bana da baɗi shi ne iya karanta wuri, da sanin sa'ar da kowane abinci yake kan ganiyarsa. A gari mai zafi irin wannan, sa'ar ce kan gaba.

Gari biyu ne

Abin da mutanen nesa ke kira Yola gari biyu ne. Akwai Yola ta cikin gari, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take, inda Fulatanci ya fi yawa a bakin yara da manya. Akwai kuma Jimeta a gaɓar kogi, wadda ta girma da tashar jiragen ruwa da kamfanonin Turawa, yau kuma can gidan gwamnati da sakatariya da bankuna da babbar kasuwa suke. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Bambancin ya shafi cikinka kai tsaye. Mutumin cikin Yola a gidansa yake cin tuwonsa, don haka mafi kyawun girkin can yana bayan katanga, ba a sayar da shi. Idan Allah ya haɗa ka da wanda ya ce ka zo gida ku ci abinci, ajiye duk wani shiri ka tafi. Jimeta kuwa garin 'yan kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai da gwauraye da matafiya, wato masu ci da kuɗinsu, kuma inda masu saye suka yi yawa nan masu dafawa ke gasa da juna.

Ita ma Jimetar ba ɗaya ba ce. Tsofaffin unguwanni irin su Ajiya da Alkalawa da Limawa da Gwadabawa da Yelwa da Rumde, masu sunayen da Basakkwace zai ji kamar bai bar gida ba, su ne matattarar masu tuwo da masa da tsire, abinci mai sauƙin kuɗi wanda ake yi don maƙwabta. Ɓangaren Karewa da Bekaji da Dougirei, da manyan tituna irin su Galadima Aminu da Atiku Abubakar, can ne za ka fi samun gidajen da ke da kujera da na'urar sanyaya ɗaki da takardar jerin abinci. Kowanne da ranarsa. In kana da baƙon da za ku yi maganar kasuwanci cikin natsuwa, na biyun kake so. In ɗanɗano kake bi, sau da yawa na farkon ne.

Wa za ka tambaya, kuma yaya

Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya iya tambaya. In ka ce wa mutum, “Ina ne wurin cin abinci mai kyau?” zai dubi rigarka da takalminka, ya tura ka inda yake zaton irinka ke zuwa. Girmama ka ya yi a ganinsa. Juya tambayar: “Malam, kai ina kake cin na rana?” ko “Hamma, in za ka saya wa iyali balangu, wajen wa kake zuwa?” Wannan tambayar ba ta da mafaka. Zai ambaci mutum da sunansa da kwanar da yake, wani lokaci har ya ce ka gaya masa shi ya turo ka.

Waɗanda amsarsu ke da nauyi su ne masu ci a waje kullum da kuɗin guminsu: direbobin tasha, masu shago a kasuwa, teloli, masu gadin banki, ma'aikatan asibiti masu kwana a bakin aiki. Dattijon da kuka fito sallar magariba tare shi ma ya san tarihin kowane mahauci a unguwar, har wanda ya gaji sana'ar da wanda ya shigo ta da rana tsaka. Tambayi mutum uku da ba su san juna ba. In biyu suka haɗu a kan suna ɗaya, ka samu.

Taswirar waya tana taimakawa wajen gano titi da manyan otal, amma taurarin da ake ba gidajen abinci a can kada su ruɗe ka. Mutum kaɗan ne suka rubuta, hotunan na shekarun baya ne, kuma mai tuwon da layi ke kai wa bakin titi ba ta ma san an yi wata taswira ba.

Agogon ciki

A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. Abincin da zai wuni lafiya a Jos, a nan kafin la'asar ya soma juyawa. Saboda haka ka ɗauki wannan a matsayin doka: ka ci abu a lokacin da ake sauke shi.

Da safe, daga fitowa sallar asuba zuwa wajen ƙarfe 9, lokacin kunun gyaɗa ne da ƙosai da masa. Kunun gyaɗa a Adamawa ba abin wasa ba ne, mutanen nan suna alfahari da shi kuma suna da gaskiya. Mai kyau fari ne sol, da kauri amma yana zuba, ƙanshin gyaɗa na tashi, tsamiya ta ɗan taɓa shi ba ta mamaye ba, ƙwayoyin shinkafa sun nuna luguf a ciki. In ka ji sukari ya riga komai isa harshenka, an rage gyaɗar ne aka rufe da zaƙi. Masa kuma ka tsaya a gaban tanda a kwashe maka, kada ka karɓi wadda ta huce a cikin kwano.

Tuwo da shinkafa daga ƙarfe 12 zuwa 2 suke da daraja. Bayan azahar da kamar awa ɗaya, naman kirki ya ƙare a miya, saura ƙashi da romon da aka tsawaita da ruwa. Mai abincin da ka tarar tukwanenta cike da ƙarfe 4 na yamma, tambayi kanka me ya hana mutanen unguwa cinyewa.

Nama kuwa na dare ne. Za mu zo kansa.

Kafin ka zauna, tsaya daga gefe minti biyu kamar mai jiran wani. Dubi inda ake wanke kwanuka: ruwan bahon farko da na ɗauraya, ana canza su ko sun zama miya? Dubi tukwane, a rufe suke? Wanda ke karɓar kuɗi, shi ke yanka nama da hannun nan? Shaƙi iska ka ji man suya, sabo ne ko wanda aka yi kwana uku ana maimaitawa? Sannan dubi masu ci. In ka ga dattawa da mata masu aike da kwanon gida suna jira, wurin ya ci jarrabawa tun kafin ka zo, domin mace ba ta aika yaro da kwano inda ta san za a ba ta kunya.

A gaban tukuba

Nan ne zan daɗe, don nan ne baƙo ya fi samun riba kuma ya fi yin asara.

Adamawa ƙasar shanu ce. Kasuwannin kara irin na Ngurore da Song da Mubi suna cika manyan motoci zuwa kudu, abin da ya rage kuma ya ishi gari. Akwai farare masu dogon ƙaho, da jajayen Bororo, da Gudalin Adamawa mai gajeren ƙaho da cikar jiki. Ana yanka da sassafe a mahauta, mahauta su raba, masu gashi su ɗauki rabonsu. Ka lura da tazarar: naman da aka yanka da asuba sai bayan la'asar zai hau wuta, a garin da rana ke dafa ƙwai. Gwanin mai nama shi ne wanda ya san adadin da zai iya sayarwa a dare ɗaya, ya sayi daidai nan, ya tashi da tire wayam. Wanda ya yi haɗama ya kwana da saura, gobe sai ya shafa masa mai, ya barbaɗe shi da sabon ƙuli, ya jera shi a gaba yana jiran wanda bai sani ba. Wanda bai sani ba kuwa kai ne, baƙo.

Ga yadda za ka kauce. Je tsakanin magariba da bayan isha kaɗan, lokacin da zubin farko ya nuna kuma ciniki ya kankama. Dubi wutar tukuna. Garwashi ake so, ja, mai zafi a natse, tsinkayen tsire sun kewaye shi suna shan zafi daga gefe. Harshen wuta mai lasar nama yana ƙona baya ya bar ciki ɗanye. In ka ji warin kananzir ko na leda a hayaƙin, wuce abinka, domin warin nan yana cikin naman.

Sai ka nemi ɗanɗano. Haƙƙinka ne, kuma mai naman kirki shi zai riga ka miƙowa a bakin wuƙa. Amma ka ce, “Ba ni haka nan, kada ka taɓa yaji.” Yaji mayafi ne, yana rufe komai. Naman yau yana da ruwa a jikinsa, yana da zaƙin kansa, kitsensa fari ne ko ruwan ƙwai mai haske. Kwanannen nama bakinsa ya bushe ya yi duhu, tsakiyarsa ta yi tauri kamar igiya, kuma can ƙarshen harshe za ka ji ɗan tsami-tsami. In ka ji haka, ba sai an yi faɗa ba. Ka ce, “Allah ya ba da kasuwa,” ka ƙara gaba.

Ka kuma san abin da kake nema, don “a ba ni nama” magana ce ta wanda za a zuba wa abin da aka ga dama. Tsire yankan falle ne a tsinke, an shafe shi da garin ƙuli da kayan ƙanshi da mai. Balangu gunduwa-gunduwa ne a kan waya, ba ƙuli, gishiri da ɗan kayan haɗi kawai, shi ya sa ba ya iya ɓoye aibi, shi ya sa kuma masana nama suka fi son sa. Akwai balangun rago da akan naɗe a takarda mai kauri a mayar gefen wuta, ya turara cikin romonsa har ya saki ƙashi. In ka samu wanda ya iya wannan, nemi haƙarƙari da kafaɗa, ka ce a haɗa maka da romon. Sayi gurasa ko biredi ka dangwala, kada ka bar ɗigo.

A naman sa, abin da ya kamata baƙo ya nema a Adamawa shi ne tozo. Tsoka ce da kitse ya ratsa ta sako-sako, in ta gasu a hankali tana narkewa a baki. Sharaɗinta ɗaya: a ci da zafi, a tsaye a wurin in da hali. Tozon da ya huce a leda kafin ka isa masauki ya zama kakiɗe, sai ya daskare maka a dasashi. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Haɗa shi da jan nama. Hanta da ƙoda da zuciya su ne suka fi saurin lalacewa, don haka ko dai ka ci su da wuri a wurin da ka amince da shi, ko ka haƙura.

Wajen saye, nuna da yatsa: wannan gunduwar, da waccan. Faɗi na nawa kake so kafin wuƙa ta sauka. Ka ce a sake ɗora maka a wuta ya yi zafi sosai, a yanka a gabanka, a sa yaji a gefe. Kada ka ji nauyin cewa a rage kitse ko a cire jijiya. In an gama, “Ba gyara, Alhaji?” ba rowa ba ce, al'ada ce, kuma yankan da zai ƙara maka yakan fi na cikin takardar daɗi, saboda so yake ka dawo gobe.

Abu ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba: sau da yawa ba naman ke ɓata ciki ba, kayan lambun da aka ɗora a kai ne. Nama ya sha wuta. Albasa da tumatir da kabeji da kokwamba kuwa an yanka su tun yamma, suna buɗe, ƙura da ƙuda sun yi musu sallama. Ce a ɓare sabuwar albasa a yanka maka nan take, sauran ka yafe.

Ga kaza da zabo, ɓalle cinya ka duba gaɓar. In da jini ko ruwan hoda a jikin ƙashi, a mayar wuta. Kazar gida ƙarama ce, ƙashinta da ƙarfi, namanta na buƙatar haƙori amma ɗanɗanonta ya ninka na ta gona. Zabo ya fi duka biyun ƙanshi, sai dai ba shi da kitse, in mai gashin ya yi sakaci ya bushe kamar kara.

Batun sitek

Wanda ya saba da manyan biranen duniya zai iya neman gasasshen naman nan mai kauri da Turawa ke ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Ana samun sa a wasu manyan otal, musamman tun da Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa a Yola ta jawo malamai da ma'aikata daga ƙasashen waje. Amma ka san abin da za ka tarar. A Amurka ko Ajantina, saniyar da ake yi wa wannan yanka an kiwata ta ne don nama, kuma bayan yanka akan ajiye naman a ɗakin sanyi kwanaki, har makonni, jijiyoyinsa su saki. Sanmu kuwa ya taka daji da ƙafarsa shekara da shekaru yana bin ciyawa, an yanka shi yau, an gasa yau. Ɗanɗanonsa ya fi, amma in aka yanko shi da kaurin tafin hannu aka yi masa gashin minti biyar, sai ka yi kokawa da shi. Kakanninmu da suka ƙirƙiro yankan falle na tsire da doguwar turarawar balangu sun san irin naman da ke hannunsu.

Na taɓa biyan kuɗi masu ciwo a wani otal a Jimeta saboda kwaɗayin sitek. Aka kawo shi da ado, ganye a gefe, miya an zana ta kamar lalle. Wuƙa ta yi ta kai da kawowa, ni da naman muka rabu ba wanda ya yi nasara. Washegari da dare wani direba ya kai ni wata kwana a tsohuwar Jimeta, na ci balangun da har yau nake tunawa, a kan abin da bai kai rubu'in kuɗin jiya ba.

Ba cewa nake kada ka gwada ba. In za ka ci, tambayi ma'aikacin wane sashe ne na jikin sa. Amsar da kake so ita ce tsokar nan mai laushi da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya, wadda masu otal ke kira filet. In ya ce “naman sa ne kawai”, ka sauya oda. Tambayi kuma ko wutarsu ba ta yankewa, don naman da ya narke ya sake daskarewa sau uku a firiza ba abin da zai gyara shi. In ba ka gamsu da amsa ba, kada ka nemi mai jini-jini a tsakiya, ce a gasa shi ya nuna sarai.

Kada nama ya mantar da kai kogi

Kuskure ne mutum ya zo bakin Binuwai ya tafi bai ci kifi ba. Daga kogin da tafkin Geriyo da ke gefen Jimeta ana kawo giwan ruwa da ragon ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu. Sabon kifi idonsa garau yake, ƙasan kunnensa ja, in ka danna jikinsa da yatsa sai ya dawo. Wurin gashin kifi na kirki zai bar ka ka zaɓa kafin a ɗora. Tambayi ko tarwaɗar ta kogi ce ko ta kiwo: ta kiwo ta fi kitse da laushi, ta kogi ta fi ƙanshi. Garwa ta Kamaru tana sama a kan wannan kogin, kuma za ka ga hannun mutanen can a wasu wuraren, inda ake tsaga kifi a cusa masa niƙaƙƙen kayan ƙanshi a gasa a ci da soyayyar agada.

Akwai kuma miyar da ake kira Margi sifeshal, ta mutanen Margi na arewacin jihar da kudancin Borno: sabon kifi da yakuwa da alayyafo, ruwa-ruwa, mai ɗan tsami, ana ci da tuwo ko sakwara ko farar shinkafa. Bayan kwana biyu kana fama da maiƙo, ita ce za ta wanke maka baki. Gane mai kyau ba wuya: kifin yana nan gunduwarsa bai dagargaje ba, ganyen bai mutu ya yi baƙi ba.

A wajen masu tuwo, ka ɗan saki miyar da ka saba. Nemi ta yakuwa da gyaɗa, ko lalo, ko zogale, a ɗiga maka man shanu. Kalmomi kaɗan na Fulatanci suna buɗe fuska ko da kowa na jin Hausa: nyiiri tuwo ne, haako miya, kusel nama, kosam nono, useko kuma na gode. Ka kira mai abincin Adda in ba ta girme ka sosai ba, Dada ko Goggo in dattijuwa ce. Za ka ga ludayin ya ƙara nitsewa.

Kindirmo a nan ba a magana. Mai kyau in an karkata ƙwarya yana motsi gaba ɗaya kamar hanta, ba ruwa a sama, tsaminsa a tausashe. Inda za ka yi hattara shi ne damun fura: da wane ruwa aka sassauta ta, ƙanƙarar da aka jefa daga ina take? In ba ka sani ba, sayi furarka da nononka, ka dama a masauki da ruwan gora.

Wasu abubuwan da ba a faɗa wa baƙo

Jimeta gari ne na kowa da kowa. Ga Fulani da Hausawa, ga Bachama da Bata da Chamba da Kilba da Margi da Higi da Vere, ga Ibo da Yarabawa. Wannan ya sa abincin ya yalwata, za ka ci sakwara da egusi da farfesun da ba su da na biyu. Ya kuma sa akwai wuraren da ake sayar da giya ko naman da Musulmi ba ya ci. Ba abin tashin hankali ba ne, kowa ya san nasa. In ka shiga wurin da ba ka sani ba, yi tambaya cikin ladabi, naman mene ne, daga ina aka sayo. Za a gaya maka gaskiya, domin sun saba da tambayar.

Ranar Juma'a yawancin masu abinci Musulmi sukan rufe daga hantsi sai an sauko, ranar Lahadi da safe kuma na Kiristoci ne a rufe. Da azumi unguwanni irin su Ajiya sukan yi tsit da rana, sai dab da shan ruwa titi ya cika da ƙosai da kunu, masu nama kuma su kai tsakar dare. Makon babbar sallah ba lokacin neman tsire ba ne, kowane gida na da soyayyen naman layya, masu gashi da yawa sun tafi hutu.

Da damina a ƙara kula da ruwa. Idan Binuwai ya cika, musamman in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, unguwannin gaɓa sukan sha ambaliya kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, rijiyoyi su gurɓace, cutar amai da gudawa ta samu ƙofa. A irin wannan lokaci ka tsaya kan abin da ya fito daga wuta yanzu, ka sha ruwan gora wanda kai ka ɓalle murfinsa. Ruwan gora mai suna Faro a garin ake yin sa, ko'ina akwai.

Riƙe tsabar kuɗi 'yan canji. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu nama da yawa sun koyi karɓar tiransifa, amma sabis yakan ɗauke, kuma ba daɗi ka tsaya da maiƙo a hannu kana jiran saƙo ya shiga. In za ka fita cin naman dare, tambayi mutanen masaukinka ƙarfe nawa Keke ke daina aiki, don hukuma takan taƙaita zirga-zirgarsu da dare. Waya kuma ta zauna a aljihu. Labarin 'yan Shila masu fizge ba ƙage ba ne.

Saura tsaraba. Kilishi za a tambaye ka a gida, don haka kada ka bari sai a tasha mota na shirin tashi. Je wurin masu yi tun ana gobe za ka tafi, inda za ka ga an shanya falle a rana ana shafa labu. Ɗaga falle ɗaya sama: mai kyau siriri ne, ya ɗan lanƙwasa kafin ya karye, labun ya kama jikinsa ba ya zuba kamar ƙasa. Sansana shi, in man ya yi ɗan wari na tsufa, ajiye. Ce a ɗan nuna masa wuta a gabanka, sannan ka bar shi ya huce sarai kafin a naɗe. A takarda za a naɗe shi, leda daga waje kawai, don kilishin da aka ƙulle da zafinsa a leda yakan yi gumi, da damina ma kafin ka kai Gombe ya soma fari-fari. In da mai son kifi a gidan, haɗa da bandar tarwaɗa daga kasuwa, ka karya ɗaya ka duba cikinta ba ƙwari, kuma a ɗaure ta dabam, nesa da jakar tufafinka.